Shekarar da Iya ta Buɗe Dutse Daga Kan Tabarma

Akwai wata ɗaliba 'yar Maraɗi da ke zuwa gidanmu a Panyu, a wannan ƙasa ta gabas mai nisa, duk ƙarshen mako, ta ci tuwo, ta taya surukata, matar ɗana, wanke-wanke, ta koma jami'a da sauran miya a roba. Ilimin tsirrai take karantawa. Kwanakin baya malamansu suka kwashe su zuwa manyan duwatsun yammacin ƙasar nan, inda ƙanƙara ke zaune a kan tsauni har cikin bazara, ta dawo leɓɓanta a tsage saboda sanyi, wayarta cike da hotuna. Tun tana cire takalmi ta fara ba ni labari. Wai akwai wasu furanni biyu a can, 'yan gida ɗaya, masu launin ruwan ƙwai, duk wanda ya gan su zai rantse abu ɗaya ne. Har manhajar da ke cikin wayarta suna ɗaya ta ba su. Amma malaminsu ya ce biyu ne, kuma a kansu za a yi musu tambaya.

Na ce, "To, yaya suke?"

Ta miƙo mini wayar. "Ga su, Hajiya."

"Tabarauna yana ɗaki. Faɗa mini da baki."

Ta yi dariya. "Haba Hajiya, ga abu a hannu? Bari in ɗauko miki."

"Zauna abinki. Lokacin da furen ya fito, ganyen yana nan, ko sai daga baya yake zuwa?"

Ta koma tana jan hoton da yatsu tana ƙara masa girma. Yarinya ce mai kai, ta san sunayen tsirrai na boko waɗanda ni ko furta su ba zan iya ba. Can ta ce, "Wallahi ban ɗauki ƙasan ba. Furen kawai na ɗauka, shi ya fi kyau."

Ban ga laifinta ba, haka zamanin yake. Ɗana, wanda ya kawo ni garin nan bayan rasuwar mahaifinsa, harkar wandunan jins yake yi, kuma duk cinikinsa a hoto yake. Wani ya turo masa hoto daga Kano ya rubuta "irin wannan", shi kuma ya shiga shago a garin Xintang ya nuna wa mai shagon ya ce, "Lawban," wato maigida, "irin wannan." Mai shago ya girgiza kai ya ce "meyo", wato babu, ya nuna masa wani hoton. A haka kwantena za ta cika ta ƙetare teku ba tare da wani ya bayyana wa wani kaurin yadi ko launin zare ba. Ba na raina wannan hanya, da ita muke cin abinci. Sai dai ni na ƙare ƙuruciyata da ƙarfina ina magana da mutanen da ba sa ganin abin da nake gani, domin aikin rediyo ke nan. Mutane kan ɗauka a ɗakin horo na koyi aikin. A can an koya mini inda ake jan numfashi da inda ake tsayawa, an kuma kankare mini harshen garinmu har "mi" ta koma "me", "wanga" ta koma "wannan". Amma ainihin aikin, a gindin wani dutse na koye shi, wajen kakata, tun ban fara cika azumi ba.

Garinmu yana jingine ne da jerin duwatsun da ke yammacin ƙasar Hausa. Ba irin na hotunan yarinyar nan ba ne masu huda gajimare. Namu baƙaƙe ne, masu sulɓi, suna kwance kamar shanun da suka ƙoshi, ga ƙasa mai kyau a tsakanin tsagoginsu. Da safe fakara ce ke fara kira daga gindin dutse, sai gwaggon biri ya amsa da haushi daga sama, sai taɓarya ta farko ta faɗa turmi a wani gida, sauran gidaje su ɗauka. Kana iya gane gidan da ake daka ba tare da ka leƙa ba, domin kowace mace da irin saukar taɓaryarta. A nan Panyu abin da ke tashe ni shi ne ƙarar motar shara da kiɗan tsofaffin da ke motsa jiki a filin ƙasan bene. Idan na shiga jirgin ƙasa zuwa unguwar Huanshi Lu, nakan kasa kunne ga muryar matar da ke faɗin tashoshi cikin harsuna uku. Ta iya aikinta, ba ta gaggawa, ba ta haɗiye ƙarshen kalma. Amma abin da take faɗi yana rubuce a saman ƙofa, ko ta yi shiru ba wanda zai ɓata.

Kakata ta wajen uba, wadda kowa ke kira Iya, doguwar mace ce mai ƙarancin magana. Tare muke kwana a ɗaki ɗaya, ni ke ɗebo mata ruwa a rafi, ni ke riƙe mata ƙwarya idan za ta daji. Ba ta taɓa koya mini tsiro shi kaɗai ba, kullum sai da ɗan'uwansa mai kama da shi. A bakin rafi ta nuna mini furen gadu da duman rafi. Dukansu suna yaɗo, furensu kamar bakin kakaki, amma na farko karansa rami ne a ciki, ganyensa siriri mai tsini, ana cin sa, na biyun kuwa ganyensa zagayayye ne mai kauri, akuyar da ta cika ciki da shi za ta dawo gida tana tangaɗi. Ranar da na fara shiga kasuwar unguwarmu a nan na ga furen gadu ɗaure dami-dami ana sayarwa, har surukata tana soya shi da tafarnuwa, sai da na karya kara ɗaya na leƙa cikinsa kafin na yarda a saya. Da damina kuma Iya ta nuna mini rumana iri biyu a kan tudu, doguwa mai manyan furanni ja-ja da ɗigo-ɗigo, da gajeruwa mai ƙananan furanni masu duhu da ke fitowa a cunkushe. Idan na ce mata, "Iya, ai duk ɗaya ne," sai ta ce, "Koma ki sake dubawa, ina nan." Ba ta faɗa, ba ta duka. Za ta zauna a kan dutse ne kawai har sai na dawo da bambancin.

Amma 'yan'uwan da suka fi muhimmanci ga matan garinmu su ne rawaya da zunzuna. Idan ka tsinko furen kowace ka ajiye a tafin hannu, ba mai raba su: fure ne babba mai kunnuwa biyar, launin ƙwanduwar ƙwai, da tarin gashi a tsakiya. Halinsu ne ya bambanta. Zunzuna tana tashi ta kai ƙirjin mutum, tana fure a ƙarshen damina da ganyenta a jikinta, ɓawonta ake yi wa igiya. Rawaya kuwa ba a taɓa ganin furenta da ganyenta tare. Da damina ganye ne kawai, mai tsagaggun yatsu sirara. Sai an ƙone daji, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, sannan furen ya ɓullo shi kaɗai a kan ƙasa, tsirara, kamar wani ya zo ya ajiye shi. A ƙarƙashinsa akwai saiwa mai kauri, ita ake nema. A tono ta, a kankare, a daddatsa, a shanya, a daka, a tankaɗe, ta zama garin da muke kira kwata. Da shi ake miya idan manja ya yi wuya, da shi ake rina zare da man kaɗe, shi ake jiƙa wa mai ciwon shawara. Mata daga garuruwan da ba su da dutse sukan zo takanas saye, kuma kwatar garinmu ta yi suna. Saiwar zunzuna ma ana iya dakawa, amma garinta fari-fari ne, ba ƙarfi, duk matar da ta kai shi kasuwa sau ɗaya ba za a sake kallon ƙwaryarta ba.

Saboda haka dutsen yana da doka, kuma doka ce ta mata, mai gari ba ya sa baki. An raba shi fuska-fuska. Kowace shekara fuska ɗaya ake tona, sauran su huta, domin saiwar rawaya tana daɗewa kafin ta yi kauri. Bayan an ƙone daji furanni sun fito, mace ɗaya ce ke hawa ta zagaya ta duba, sannan ta sauko ta faɗi fuskar da za a tona. Wannan shi ake kira buɗe dutse. Kafin a buɗe, ba a saukowa da komai daga kansa, ko fure ɗaya, ko tsinke. Kana iya hawa, kana iya kallo, amma hannunka zai sauko yadda ya hau. Iya ce ke buɗe dutse tun kafin a haifi mahaifina, kuma ba ta taɓa tura mata inda suka dawo da kunya ba.

A shekarar da nake ba da labari, abu biyu suka haɗu. Iya ta zame a bakin rafi wajen ƙarshen damina ta karye a ƙugu. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya kama, amma ƙafar ba ta koma ɗaukarta ba, iyakarta daga ɗaki zuwa tabarmar da ake shimfiɗa mata a gindin ɗorawar ƙofar gida. Sannan masu farautar gafiya suka sa wa daji wuta da wuri, tun ciyawa ba ta gama bushewa ba. Ba a daɗe ba sai fuskar da ke kallon gari, wadda muke kira Gefen Rafi, ta cika da fure a ƙasa, har daga ƙofar gidanmu ana hango shi kamar an watsa gari. Mata suka yi murna, domin Gefen Rafi kusa yake, mai goyo ma za ta iya zuwa ta dawo kafin azahar. Ɗaya fuskar da lokacinta ya yi ita ce Bayan Dutse, mai nisa, sai an zagaya ta cikin ƙaya da hawa mai wuya.

Iya tana da wata taubashiya, sa'arta, gajeruwar mace mai faɗin murya, wadda muke kira Ta-Rafi saboda gidanta ne na ƙarshe kafin ruwa. Tun suna 'yan mata suke tsokanar juna, kuma idan suka haɗu ba ka sanin inda wasa ya tsaya gaskiya ta fara. Ita ta zo da maganar.

"Gurguwa, ina kwana? Har yanzu kina nan inda na bar ki?"

"Ina nan, guntuwa. Ke ce dai ba a gani sai an sunkuya."

Ta-Rafi ta zauna a gefen tabarma ta ɗauki goron Iya ta ɓantara ba tare da an ba ta ba. "Mata sun aiko ni. Rawaya ta cika Gefen Rafi, makaho ma ya gani. Ki ce bismillah kawai mu tafi."

"Kin hau?"

"Na hau, na gani. Rawaya ce."

"Ban tambaye ki sunanta ba. Mi kika gani?"

"Fure a ƙasa, mi kuma kike so in gani? Aljani?" Ta tauna goro, ta rage murya. "Ki ji ni da kyau, 'yar Kawu. Ranar kasuwa mata za su hau, ko kin buɗe ko ba ki buɗe ba. Kuma in suka hau sau ɗaya ba da bakinki ba, sun daina jira ke nan har abada. Ba ke kaɗai za a ajiye ba, dokar ce za a ajiye."

Wannan gaskiya ce, kuma Iya ta san gaskiya ce. Idan ta yi shiru, mata su hau da kansu. Idan ta buɗe inda ba daidai ba, su dawo da garin banza, maganarta ta faɗi. Ko ta wace hanya, shekara mai zuwa kowa zai ɗauki dagi ya tona inda ya ga dama, kuma ba ta jahilci abin da ke samun dutsen da ba shi da mai tsawatarwa ba. Bayan Ta-Rafi ta tafi, mahaifiyata ta ce mata, "Iya, ai kin san Gefen Rafi kamar ɗakinki. Ki faɗi abin da kika sani mana." Iya ta ce, "Abin da na sani na bara ne. Akwai zunzuna a nan, akwai rawaya a tsakaninta. Wadda ta yi fure bana ban sani ba." Sai ta juyo ta dube ni. "Ke za ki hau."

Mahaifiyata ta ce, "Wagga ɗiya? Ga manya?"

"Manya suna saukowa da hukunci. Ni ido nike so."

Washegari da hantsi na hau Gefen Rafi ni kaɗai, toka tana shiga tsakanin yatsun ƙafata. Na tsaya a tsakiyar furannin, na ga kyau, na sauko da gudu na ce, "Iya, fure ne mai yawa, a ƙasa yake, babba, mai kyau."

"Mai kyau ba magana ba ce. A kan mi yake zaune?"

Ban sani ba. Na koma. Wannan karon na durƙusa, na kwantar da kumatuna kusa da ƙasa. Na dawo na ce mata furen ba daga ƙasa yake fitowa kai tsaye ba, daga jikin wani ɗan kututture yake fitowa, baƙi, ƙonanne, mai kaurin babban yatsa, kuma irin kututturan nan suna tsaye da yawa wuri ɗaya kamar an sare tsintsiya. Iya ta gyara zama. Ta tambaye ni ko duk haka suke, na ce na duba daga bakin rafi har zuwa dutsen da ke da tsaga, mafi yawa haka suke, sai jefi-jefi wanda ba shi da kututture. Ta ce, "Ganye fa?" Na ce babu ganye, sai dai wani ɗan abu a naɗe a gindin furen, ƙarami kamar kunnen ɓera, toka ta rufe shi ya yi fari.

"Toka ce, ko farinsa ne?"

"Kamar toka."

"Kin hura?"

Ban hura ba. Rana ta riga ta take, ƙafafuna sun yi nauyi, kuma na ji mahaifiyata daga madafa tana cewa a bar yarinya ta sha fura. Iya ta bar ni na sha. Da na ajiye ludayi ta ce, "An hana ki tsinka, ba a hana ki numfashi ba." Na sake hawa. Na kwanta rub da ciki a gaban fure ɗaya, na hura ɗan abin nan a hankali. Toka ta tashi daga samansa, ya fito kore. Na hura ƙasansa, na sake hurawa da ƙarfi, farin bai tafi ba. Gashi ne mai laushi, fari, a jikin ganyen yake. Na bi furanni ina hurawa har kaina ya fara juyawa, duk wanda ke da kututture haka yake. Ban san ma'anar abin da na gani ba, kuma yanzu na gane dalilin da ya sa ta aike ni ke nan. Da na sauko na faɗa mata, sai ta ce gobe Bayan Dutse.

Bayan Dutse mahaifiyata ta raka ni, amma Iya ta gargaɗe ta kada ta buɗe baki. Furannin can ba su kai na Gefen Rafi yawa ba, a warwatse suke, sai ka nema. Na durƙusa a gaban kowanne. Babu kututture. Ɗan kara ne kore mai taushi, gajere, ya huda ƙasa kai tsaye. Babu ganye ko na rantsuwa. Kuma ƙasar da ke kewaye da shi ta ɗan kumbura ta tsattsage, kamar akwai abin da ke ture ta daga ciki. Wannan na ƙarshen ba ta aike ni dubawa ba, ni na lura da shi, kuma da na faɗa mata sai na ga ta rufe ido ta jinjina kai.

Ranar kasuwa da sassafe mata suka taru a gindin ɗorawa, kowace da daginta, wato sandar tono mai bakin ƙarfe, da kwando a kai. Wasu ko zama ba su yi ba, fuskarsu tana kallon Gefen Rafi. Iya ta sa aka jingina ta da tushen itacen. Ta ce, "Bismillahi. Na buɗe Bayan Dutse. Gefen Rafi yana rufe."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Wata mai goyo ta ce, "Iya, ga abu a ƙofar gida, sai mu tafi bayan duniya?" Ta-Rafi ta buga daginta a ƙasa.

"Gurguwa, da wace ƙafa kika je? Ko a mafarki aka kai ki?"

"Na aika."

"Wa kika aika? Wagga da ko zane ba ta iya ɗaurawa ba?"

Aka yi dariya. Iya ta bari dariyar ta ƙare, sannan ta ce da ni, "Tashi ki faɗa musu abin da kika gani. Kada ki ƙara, kada ki rage, kada ki faɗi sunan komi."

Na miƙe. Ban taɓa magana a gaban manya fiye da biyu ba. Na fara daga bakin rafi, yadda na hau. Na faɗi kututture, da kaurinsa, da yadda suke tsaye a dunƙule. Na faɗi ɗan ganyen, da hurawa, da farin da ya ƙi tafiya. Sannan na zagaya da su Bayan Dutse, na faɗi kara mai taushi, da rashin ganye, da ƙasar da ta kumbura. Ina cikin magana na lura guna-gunin ya mutu. Tsofaffin cikinsu sun daina kallona, sun zuba ido a ƙasa, kamar furen yana gabansu suna dubawa. Ban kai ƙarshe ba wata tsohuwa daga baya ta ce, "Zunzuna ce. Wuta ta cinye ta da ƙuruciya, ta yi fure a guntuwarta." Wata ta ce, "Awo, farin bayan ganye ai nata ne." Ba wanda ya gaya musu. Da kansu suka gani, alhali suna tsaye a ƙofar gidanmu. Na yi shekaru masu yawa a gaban makirfo bayan wannan, na karanta labaran yaƙi da na zaɓe da na rasuwar manya, kuma duk lokacin da jar fitilar fara magana ta kama, irin wannan shirun nake nema daga mutanen da ba na gani.

Ta-Rafi ba ta sauka da sauƙi ba. Ta ce, "Magana dai magana ce. Ni sai na ga cikin saiwa." Iya ta ce, "Na yarje miki ɗaya daga Gefen Rafi. Ɗaya tak, guntuwa, kada ki cika kwando ki ce hannunki ne ya zame." Mata suka ɗauki hanyar Bayan Dutse, wasu suna mita har suka ɓace a cikin ƙaya. Ni aka bar ni a gida, Iya ta ce na yi nawa hawan. Yinin nan ba ta ci abin kirki ba. Tana zaune tana jan carbi, idonta a kan hanya. Sai a lokacin na gane cewa ita ma ba ta da tabbas sai abin da na faɗa mata, kuma ta ɗora sunan da ta tara tun kafin a haifi mahaifina a kan bakin yarinyar da aka yi wa dariya da safe.

Da la'asar suka fara dawowa, kwanduna a cike, wuyansu a sandare saboda nauyi. Ba wadda ta wuce gida, duk suka sauke a gindin ɗorawa. Ta-Rafi ce ta ƙarshe. Ta jefa saiwa biyu a gaban tabarma, ta zaro wuƙa daga ƙugunta. Ta datsa ta Gefen Rafi da ƙyar, cikinta fari-fari, zare-zare kamar rake da aka tsotse. Ta datsa ta Bayan Dutse, wuƙa ta shige kamar cikin rogo, ruwanta ya biyo bakin ƙarfen, ja-ja mai duhu kamar manja.

Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, "To. Ƙafarki ta mutu, amma kin iya aro."

"Ke ma da kin sunkuya da kin gani. Ga ki kusa da ƙasa."

Mata suka fashe da dariya, har da mai goyon da ta yi mita da safe. Al'ada ce saiwar farko ta mai buɗe dutse ce, kuma Ta-Rafi da hannunta ta ɗauki rabin nan mai ruwa ta miƙa wa Iya da hannu biyu, ta ɗan rusuna, abin da ban taɓa ganin ta yi mata ba. Iya ta ci gaba da buɗe dutse daga kan tabarmar nan har shekarar da ta rasu, ni ke hawa, ita ke faɗi, kuma a tsawon lokacin ba macen da ta ɗaga dagi kafin ta ji bakinta. Allah ya haskaka kabarinta, ya haɗa da na taubashiyarta, ya sa suna can suna tsokanar juna a inuwa mai sanyi.

A ranar dai, bayan ta karɓi saiwar, ba ta ce na yi ƙoƙari ba, ba halinta ba ne. Kamo hannuwana ta yi, ta buɗe su, ta goga mini yankakken wurin a tafi ɗaya, ta goga a ɗayan, a gaban kowa, har suka rine. Ruwan rawaya ba ya fita da wanki ɗaya, ni kuwa ban ma gwada ba. Da mahaifiyata ta miƙo mini sabulu sai na ɓoye hannuwana a baya. Washegari na tafi makarantar allo, na zauna a sahun gaba, na riƙe allona ta yadda duk wanda ya shigo sai ya ga tafina.